Kurmin Coci da Ma'aunin Kabon a Tuddan Habasha

A tuddan arewacin Habasha, musamman a yankin Amhara da ke kewaye da tafkin Tana inda kogin Nilu Shuɗi ya samo asali, ƙasar da ido ke gani daga sama kusan dukkanta gonaki ne da makiyaya, sai dai a tsakaninsu akwai ɗigo-ɗigon duhuwar itatuwa, kowanne a zagaye, kuma a tsakiyar kowanne akwai majami'a ta Cocin Otodoks na ƙasar. Yawancin waɗannan dazuzzuka, wato kurmin coci, ƙanana ne, daga hekta biyu ko uku zuwa 'yan gomomi, ko da yake na wasu gidajen ruhubanawa sun fi haka girma nesa ba kusa ba, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne adadinsu a faɗin ƙasar ya kai wajen 35,000. A cikinsu ake samun tsofaffin itatuwan asali da suka yi ƙaranci a fili, irin su zaitun na daji, da alilliba, da ɓaure, da dogon itacen nan mai ƙamshi da Amharawa ke kira tid. Tun da duniya ta shiga damuwar ɗumamar yanayi, masu bincike suka riƙa shiga waɗannan wurare da ma'aunai domin sanin yawan kabon da ke ajiye a cikinsu, kuma wannan awo ya farfaɗo da tsohuwar tambaya a sabon wuri: shin abin da aka tsare saboda alfarmarsa yana iya wanzuwa idan aka koma tsare shi saboda farashinsa?

Kafin a shiga tambayar ya kamata a san abin da ake aunawa. Kabon shi ne sinadarin da jikin duk wani abu mai rai ya ginu a kansa, kuma itace yana samunsa ne daga iskar kabon dayoksaid, wadda ganye ke zuƙa ya haɗa da ruwa da hasken rana ya mayar da ita gangar jiki da reshe da saiwa, har ta kai kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne zalla. Idan aka ƙona itacen ko ya ruɓe, kabon ɗin ya koma sama, inda kowane tan ɗaya nasa kan zama kimanin tan 3.67 na iskar da ke riƙe zafi. Amma babbar ma'ajiya ba ta cikin abin da ido ke gani, domin ƙasar da ake takawa, a zurfin mita ɗaya na farko kawai, tana riƙe da wajen tan biliyan 1,500 a duniya baki ɗaya, wato fiye da abin da ke cikin sararin sama da tsirrai in an haɗa su. Wannan kabon na ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen ganye da matattun saiwoyi da gawarwakin ƙananan halittu, shi ne ke ba ƙasa baƙin launi da laushi, shi ne kuma abin da manomi ke nufi idan ya ce ƙasa tana da ƙarfi ko ta gaji. Ajiyar ba a kulle take ba: tana kama da randar da ake zuba wa ruwa alhali tana yoyo, domin ganye na zuba kullum, ƙwayoyin halitta na ci suna fitar da iska kullum, kuma abin da ma'auni ke samu shi ne ragowar da ke tsakanin shiga da fita.

Tudu yana rage yoyon nan ta hanyoyi biyu. Ta farko sanyi ne, domin zafi na sauka da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, kuma tafkin Tana kansa yana kan tsayin kusan mita 1,800, garin Debre Tabor kuwa wajen 2,700, saboda haka ruɓewa ba ta sauri kamar a kwari mai zafi. Ta biyu irin ƙasar ce, wadda ta samo asali daga duwatsun aman wuta, mai yawan yumɓu da tsatsar ƙarfe, kuma waɗannan ƙananan ƙwayoyi suna manne wa ruɓaɓɓen abu su ɓoye shi daga masu cinsa har tsawon ɗaruruwan shekaru. Mai bincike da ya haƙa rami a cikin kurmin coci yakan fara da yaye busasshen ganye, ya tarar da wani damshi baƙi mai warin naman kaza a ƙarƙashinsa, sannan ƙasa mai duhu da ke marmashewa a tafin hannu, cike da siraran saiwoyi da ramukan tana. Idan ya fita taku kaɗan ya haƙa a gonar hatsin tef da ke makwabtaka, sai ya tarar da jar ƙasa tun daga sama, mai tauri idan ta bushe, mai santsi idan ta jiƙe, wadda ruwan damina daga Yuni zuwa Satumba ke kwasa yana gangarawa da ita kogi. Dutse ɗaya ne ya haifi ƙasashen biyu, ruwa ɗaya ke sauka a kansu, kuma bambancinsu bai wuce abin da mutane suka yi da abin da suka bari ba. An daɗe da tabbatar da cewa mayar da daji gona yakan cinye daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kusan rabin kabon da ke saman ƙasa a cikin 'yan shekarun da ba su wuce rayuwar manomi ɗaya ba, alhali tara shi ya ɗauki ƙarnuka.

A saman ƙasa ma dazuzzukan tuddan Afirka sun fi yadda aka zata. Wani babban bincike da Aida Cuni-Sanchez da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature a 2021, wanda ya haɗa awo daga ƙasashe 12, ya nuna cewa tsofaffin dazuzzukan tsaunukan nahiyar suna riƙe da kimanin tan 149 na kabon a kowace hekta, alhali adadin da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi wajen lissafi bai wuce 89 ba, kuma dalilin shi ne yawan manyan tsofaffin itatuwa, waɗanda guda ɗaya daga cikinsu kan ɗauki abin da ɗaruruwan matasa ba su ɗauka ba.

To, waɗanda suka bar itatuwan kurmin coci suka tsufa ba su taɓa jin labarin kabon ba. Addinin Kirista ya kafu a Habasha tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, kuma a al'adar wannan coci gini ba ya zama majami'a sai an ajiye tabot a cikinsa, wato allon da aka tsarkake mai wakiltar Akwatin Alkawari da allunan Annabi Musa. Daga wannan allo ne alfarmar ke bazuwa, tana raguwa a hankali daga ɗaki mafi tsarki zuwa farfajiya zuwa itatuwan da ke kewaye, waɗanda ake ɗauka a matsayin suturar majami'a, a ƙarƙashinsu ake binne mamata, ɗalibai ke karatu, masu ibada ke keɓewa. Mutumin da ya shiga da gatari don amfanin gidansa ba tara kawai yake tsoro ba, yana tsoron zunubi, yana kuma jin kunyar makwabtan da iyayensu ke kwance a wurin. Hotunan sama da sojojin Italiya suka ɗauka a 1938, lokacin mamayarsu, sun nuna cewa tun a wancan lokaci waɗannan dazuzzuka tsibirai ne a tsakiyar gonaki, kuma da aka kwatanta tsofaffin hotuna da na tauraron ɗan adam na yau sai aka ga ƙalilan ne ƙwarai suka ɓace, duk da yaƙe-yaƙe da yunwa da juyin mulki da ninkuwar jama'a. Masanin tarihi James McCann ya riga ya yi jayayya da labarin da ake yawan maimaitawa cewa daji ya taɓa rufe kashi 40 cikin ɗari na ƙasar a farkon ƙarni na 20, kuma idan tuddan arewa sun daɗe a buɗe kamar yadda ya nuna, to kurmin coci ya zama aikin tsarewa na zuriya bayan zuriya, maimakon guntun da gatari bai kai gare shi ba tukuna.

A nan ne lissafin kasuwa ke cin karo da abin da yake son saya. Tun daga yarjejeniyar Kyoto ta 1997 aka kafa tsarin da kamfani ko ƙasa mai fitar da hayaƙi za ta biya wani a wani wuri ya ajiye kabon a madadinta, a ba ta takarda ɗaya a kan kowane tan na iskar. Tsarin yana da sharaɗin da ake kira ƙari, ma'ana ba a biyan kuɗi sai a kan ajiyar da ba za ta samu ba in babu kuɗin, kuma sharaɗin yana da hujja, domin in ba haka ba mai saye zai ci gaba da ƙona mai alhali babu abin da ya canza a duniya. Amma sakamakonsa a kan kurmin coci abin dubawa ne: al'ummar da ta tsare itatuwanta shekaru ɗaruruwa ba tare da an roƙe ta ba, ba ta da abin sayarwa, domin ba a tsammanin za ta sare, yayin da wanda ya nuna cewa gatarinsa na kusa shi ne ke da haƙƙin a biya shi. Ma'aunin da aka gina a kan haka yana ganin barazana, amma ba shi da gurbin da zai rubuta amana, kuma idan ya daɗe yana aiki a wuri zai koya wa mutane cewa kamewarsu ba ta da daraja sai sun fara nuna za su iya barinta.

Sharaɗi na biyu, wato ɗorewa, ya fi na farko nauyi. Kabon da aka tono daga rijiyar mai ko ramin kwal ya shafe miliyoyin shekaru a binne, kuma wani kaso na iskar da ya zama zai zauna a sama dubban shekaru, amma yarjejeniyar da ake ƙullawa a kan daji ba ta cika wuce shekara 30 zuwa 100 ba. Wanda ya sayar da ajiyar itace a madadin hayaƙin mai ya ɗauki alkawarin da jikokin jikokinsa ne za su cika, kuma ba su sa hannu ba, ba su karɓi kuɗin ba. Tambayar falsafa ce tsantsa: me ke ɗaure wanda ba a haifa ba da alkawarin wanda ya mutu? Kwangila ba ta yin haka, domin tana ƙarewa da ƙarewar wa'adinta ko rushewar kamfanin da ya ƙulla ta. Dokar gwamnati ma ba ta kai ba, kuma Habasha shaida ce, tunda a cikin ƙarni guda ta ga mulkin sarauta, da mamayar Italiya, da gwamnatin soja ta Derg wadda a 1975 ta mayar da dukkan filayen karkara mallakar ƙasa ta ƙwace gonakin coci, sannan tsarin tarayya, kowanne da nasa hukuncin a kan ƙasa. Abin da ya ƙetare dukkan waɗannan shi ne yaƙinin cewa wurin ba na masu rai ba ne balle su yi yadda suka ga dama da shi. Mai karatu Musulmi ya san wannan ma'ana daga wakafi, inda ake cire dukiya daga saye da sayarwa da gado a bar amfaninta yana gudana, haka kuma daga himā, filin da Annabi (SAW) ya keɓe a Naƙi'u kusa da Madina, da wanda Halifa Umar ya keɓe a Rabaza. A duk waɗannan, ƙarfin tsarewar ya zo ne daga fitar da abin daga kasuwa, kuma wannan ne ya sa mayar da shi kasuwa domin a tsare shi yake da haɗari.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya yi wa gaskiya rabin adalci, domin alfarma tana da iyaka, kuma iyakarta a bayyane take a hoton sama. Ta tsare hekta biyar ta bar dubu a tsiraice. Manomin da ke wajen da'irar ba mai raunin imani ba ne, sau da yawa shi ne mai zuwa ibada a cikinta, amma gonarsa ba ta kai hekta ɗaya ba, yana huɗa da garmar shanu sau da dama kafin ya shuka tef, yana kwashe kara ya ba dabbobi, matarsa na busar da kashin shanu ta yi girki da shi saboda babu itace, don haka babu abin da ke komawa cikin ƙasa. Ɗora masa laifin ɗumamar duniya zalunci ne, tunda abin da ɗan Habasha ɗaya ke fitarwa a shekara daga ƙona mai bai kai rabin tan ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Bishiyar turare, wadda aka shigo da ita daga Ostareliya a tsakiyar shekarun 1890 zamanin Sarki Menelik na Biyu domin sabon birnin Addis Ababa ya sami makamashi, ita ma ana yawan zaginta saboda shan ruwa da hana amfanin gona yin kyau a gefenta, amma tana girma da sauri, tana tohowa bayan sara, kuma ita ce ke ba talaka azara da itacen girki da kuɗin makaranta. Da babu ita, da wuya alfarma kaɗai ta hana gatari shiga kurmi a shekarun wahala. A ma'aunin kabon kuwa matsayinta ya danganta da yadda aka bi da ita: inda ake sare ta duk bayan 'yan shekaru ana share ganyenta don hura wuta, ajiyarta ta ɗan lokaci ce, ƙasar ƙarƙashinta kuma ba ta samun komai, inda aka bar ganyen ya ruɓe kuwa ƙasa takan fara farfaɗowa.

Kurmin kansa ma ba lafiya lau yake ba. Shanu da awaki na shiga neman inuwa suna cinye 'ya'yan itatuwa, garma na ɗan gutsurar gefe kowace shekara, iska da rana na busar da bakin dajin, a wasu wuraren kuma majami'ar da kanta ke share fili don sabon gini ko kaburburan siminti, ko ta dasa turare don samun kuɗin shiga. Daji na iya zama cike da manyan itatuwa alhali ya daina haihuwa, kuma haramcin sara ba ya maganin wannan, domin ba wanda ya sare komai. Masanin gandun daji Alemayehu Wassie, wanda ya taso a cikin wannan coci ya kuma yi shekaru yana nazarin dazuzzukan Gondar ta Kudu, shi ne ya nuna wa malaman coci girman matsalar, kuma tare da Ba'amurkiya Margaret Lowman suka tallafa wa gina katangun dutse kewaye da wasu daga cikinsu. Ana tsince duwatsun ne daga gonakin makwabta a jera su ba tare da siminti ba, a wasu wuraren ana ɗan faɗaɗa da'irar don daji ya sami wurin yaɗuwa, kuma bayan 'yan damuna ana ganin tsiro a inda kofato ya daina takawa. A wannan aiki awo ya yi abin da ya dace da shi: ya nuna wa masu amana ɓarnar da idonsu ya saba da ita, bai nemi ya maye gurbin dalilinsu ba.

Wannan ne ke nuna inda kuɗi ya halatta ya shiga da inda bai kamata ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna makamancin wannan a mas'alar karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, wadda Malikawa suka halatta, magabatan Hanafawa suka hana, na bayansu kuma suka sassauta da suka ga karatu zai tozarta in malami ba shi da abin ci. Abin da ya fito daga wannan muhawara shi ne bambanci tsakanin ɗaukar nauyin mai hidima da sayen ibadar kanta. Kuɗin da ya gina katanga, ya biya mai gadi, ya kafa wurin renon irin itatuwan asali, ya sama wa matan ƙauye murhu mai cin itace kaɗan, ya ƙarfafa niyyar da ya tarar. Kuɗin da ya zo da sharaɗin cewa kowane tan da ke ƙarƙashin kabarin kakanni ya zama izinin wani kamfani na ci gaba da hayaƙi a wata nahiya ya canza ma'anar wurin, ya kuma rataya rayuwarsa a kan farashin da ke hawa da sauka. Ranar da farashin ya faɗi, matashin da ya taso yana jin ana lissafa kurmin da dala zai yi tambayar da kakansa bai taɓa yi ba, wato nawa katakon zai kawo.

Sauran ƙasar da ke wajen katanga, wadda ita ce mafi yawa kuma a cikinta ne mafi yawan kabon ya salwanta, ba za a iya mayar da ita harabar majami'a ba, dole a nemo mata wani abin ɗaurewa. Gwamnatin Habasha ta sanar da dasa itatuwa sama da miliyan 350 a rana ɗaya a Yulin 2019, amma ƙidayar dashe ba ta faɗin abin da zai rayu, balle abin da zai shiga ƙasa bayan shekara hamsin. Abin da ya faru a Humbo, a yankin Wolayta na kudancin ƙasar, ya fi koyarwa. A can an farfaɗo da kimanin hekta 2,700 na tsaunin da ya zama ƙeƙasasshe, galibi ba da dashe ba, sai da dabarar sassabe da renon tohon tsofaffin kututture, wadda Tony Rinaudo ya inganta tare da manoman jihar Maraɗi a Nijar tun daga 1983. An yi wa aikin rajista a tsarin Kyoto a 2009, kuma Bankin Duniya ya sayi takardun kabon ɗinsa. Kuɗin ya yi amfani, amma kututturan sun daɗe a wurin da saiwoyinsu a raye, ana sare tohonsu duk shekara saboda tsaunin na kowa ne kuma ba na kowa ba. Sun fara zama itatuwa ne bayan hukuma ta ba ƙungiyoyin gama kai na ƙauyukan takardar haƙƙin amfani da wurin, har mai yanke ciyawa da mai rage reshe suka tabbata cewa abin da suka bari bana su ko 'ya'yansu ne za su same shi, kuma kuɗin kabon na farko bai iso ba sai bayan tsaunin ya riga ya yi kore.